Yoyon Fitsari: Wa Zai Zauna Kusa da Ita?

Wataƙila kana riƙe da wannan ɗan littafi a kan benci, kana jiran a kira ka wurin likita. Wataƙila kuma wani ne yake karanta maki shi bayan an tashi daga sujada, ko a inuwar dogon yaro a ƙofar gida. Ko ina ya same ku, muna da tambaya ɗaya.

A garinku akwai macen da ta daina zuwa rijiya da safe tare da sauran mata? Sai rana ta take, ko bayan magariba, kuke hango ta da tulu ita kaɗai. Ta bar zuwa biki, ta bar zuwa suna, an daɗe ba a gan ta a majami'a ba. In an tambayi mutanen gidansu sai su ce, "Ba ta jin daɗi ne," su canja magana. Idan kun san irin wannan mace, mai yiwuwa tana fama da yoyon fitsari. Wannan rubutu a kanta ne, kuma a kanku ne ku da kuke maƙwabtanta, domin rabin wahalarta a jikinta take, ɗaya rabin kuwa a bakin mutane.

Labarin da muke ji kullum

Matan da suke zuwa mana da wannan ciwo daga garuruwa dabam dabam suke fitowa, amma labarinsu kusan iri ɗaya ne.

Yarinya ce mai cikin fari, ta koma gidan iyayenta goyon ciki. Naƙuda ta kama ta da dare. An riga an koya mata cewa mace mai kunya ba ta raki a haihuwar fari, don haka ta cije, ta yi shiru har gari ya waye. Da safe aka kira ungozoma. Aka jiƙa magani aka ba ta, aka ce ta yi ta nishi. Rana ta faɗi, ba labari. Wata tsohuwa ta ce taurin kanta ne, ta nemi gafarar mijinta. Wata ta ce gishiri ne ya tare hanya, a kira mai aska. Mijin yana ci-rani, kuma babu wanda ya yarda ya ba da izinin fita da ita ba da saninsa ba. A kwana na biyu ko na uku, da aka ga idonta ya juye, sai aka ɗaura amalanke. Daga nan zuwa bakin kwalta tafiyar wuni ce, ga neman kuɗin mota.

Da aka isa asibiti an ceci ranta, amma jaririn ya riga ya mutu a ciki. Ta koma gida hannu wofi. Bayan ƴan kwanaki ta farka ta tarar da shimfiɗarta a jiƙe. Ta zaci sanyi ne. Ta wanke, ta shanya, ta sake kwanciya, ta sake tashi a jiƙe. Tun daga ranar fitsari bai sake tsayawa ba, dare da rana, tana zaune ko tana tsaye.

Da farko kowa ya tausaya. Da aka yi wata biyu, wata uku, zarni ya cika ɗaki, sai aka ware mata kwano, aka ware mata tabarma, aka kai ta ɗan ɗakin da ke bayan gida. Miji ya ce ta zauna gidansu sai ta warke. Wani ya aiko da saki, wani kuma shiru kawai ya yi har ta ji labarin ya yi sabon aure. Ga abin da mutane suka fi mantawa: wannan mace ta yi rashin ɗa, amma ba a taɓa zama an yi mata ta'aziyya yadda ya kamata ba.

Abin da ya faru a cikin jikinta

Yana da kyau ku san yadda ciwon yake samuwa, gama wanda ya gane dalili ba ya saurin zargi.

Jariri yana fitowa ta cikin zoben ƙashin ƙugu. Gaban hanyar haihuwa akwai mafitsara, jakar da fitsari ke taruwa. Bayanta akwai hanjin da bayan gida ke bi. Tsakaninsu nama ne mai laushi, marar kauri. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko jaririn ya kwanta ba daidai ba, sai ya maƙale. Mahaifa ba ta daina turo shi ba, shi kuwa ba shi da hanyar wucewa. Kansa yana danne wannan nama a jikin ƙashi sa'a bayan sa'a, har jini ya daina kaiwa wurin. Kun san yadda yatsa yake yi idan aka ɗaure shi da zare aka manta: ya yi sanyi, ya yi baƙi. Haka naman yake mutuwa. Bayan ƴan kwanaki mataccen naman ya ɓamɓare ya faɗi, ya bar rami tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Ta wannan rami fitsari yake zuba. Idan ramin ta baya ne, bayan gida ne yake fita, kuma akwai matan da suke da duka biyu.

Don haka ba da gangan take yi ba, ba kuma ƙazanta ba ce. Ko ta matse iya ƙarfinta ba za ta iya riƙe shi ba, kamar yadda tulun da ya huje ba ya riƙe ruwa. Wannan dannewar takan taɓa jijiyoyin ƙafa ma, shi ya sa wata take jan ƙafa bayan doguwar naƙuda. Fitsarin da ke kwance a fata kullum yana kawo ƙaiƙayi da gyambo.

Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba tana cikin haɗari sosai, musamman in yunwa ta tsuke girmanta tun tana ƙarama. Amma kada ku ce ciwon yara ne kaɗai. Mace mai haihuwa 6 ko 8 ma yana samun ta, in wannan karon jaririn ya yi girma ko ya zo a gicciye. Yankan gishiri shi ma yana kawo shi, gama aska tana iya shiga har mafitsara, kuma ba ta buɗe hanyar da ƙashi ya tare.

Ba a ɗaukar yoyon fitsari ta cin abinci tare, ko zama a tabarma ɗaya, ko gaisawa. Ba gadonsa ake yi ba. Ba ciwon wata ƙabila ko wani addini ba ne. Masu bincike sun sami alamarsa a gawar wata matar gidan sarautar Masar wadda ta rayu shekara wajen 4,000 da suka wuce. A dā akwai shi a Turai da Amurka. Ya ɓace a can ne da mata suka sami hanyar isa asibiti da wuri, inda za a yi masu aiki a ciro jariri in ya maƙale. Mutanen can ba su fi namu tsarki ba, asibiti ne ya matso kusa da su.

Maganganun da ke ƙara ciwo

Kun ji irin abin da ake faɗa. "Ai alhaki ne." "Wa ya san abin da ta yi a ɓoye?" "Bakin uwar miji ne ya kama ta." "Jifa aka yi mata." Har cikin masu bi akan ji wani ya ce bangaskiyarta ce ta yi ƙaranci, da ta yi addu'a sosai da ta warke.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Mu da muke aikin jinya muna ganin abin da irin waɗannan maganganu suke haifarwa. Macen da aka sa wa rai cewa hukunci ne take ɗauka ba ta neman magani, gama wa yake kai hukuncin Allah gaban likita? Sai ta ɓoye. Ta rage shan ruwa don yoyon ya ragu, amma fitsarin ya ƙara kauri, zarni ya ƙaru, fata ta ƙara ƙonewa, wani lokaci har tsakuwa ta taru a mafitsara. Akwai waɗanda suke zuwa mana bayan shekara 5, ko 10, ko fiye, da ramin da tun farko za a iya ɗinkewa. Wasu kuma baƙin ciki yakan kai su ga fatan mutuwa. Zargi yana cinye shekarun da magani zai iya ceto.

Mu ma ma'aikatan lafiya ba mu kuɓuta ba. Sau nawa aka kawo mace a galabaice, maganar farko da ta fito daga bakinmu ita ce, "Ina kuke tun tuni? Sai yanzu?" Tsohon da ya sayar da akuyarsa ya biya mota sai ya sunkuyar da kai. In ya koma gida zai gaya wa mutanen garinsu cewa a asibiti faɗa ake yi wa mutane, mace ta gaba kuma za ta ƙara kwana a gida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da muke roƙonku a nan, mu ma koyonsa muke yi.

Yadda Yesu ya yi da masu ciwo

Wannan tambaya ta "laifin wa?" tsohuwa ce. A Bishara ta Yohanna sura 9, Yesu da almajiransa sun wuce wani mutum wanda aka haifa makaho. Almajiran suka tsaya a kansa suna son a faɗa masu ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Mutumin yana zaune yana jin ana shari'arsa. Yesu ya nuna masu cewa ba nan maganar take ba, makantar ba sakamakon zunubin kowa ba ce. Ya sunkuya, ya taɓa idanun mutumin da hannunsa, ya aike shi ya wanke, ya dawo yana gani. Almajirai sun tsaya neman mai laifi, Ubangijinsu kuwa ya kama aikin warkarwa.

A Markus sura 5 akwai labarin da ya fi kusa da maganarmu. Wata mace ta shekara 12 tana zubar jini. Ciwonta ba yoyon fitsari ba ne, amma zamanta ya yi kama da na matan da muke magana a kansu. Bisa ga dokar Musa, mace mai irin wannan zuba marar tsarki ce, shimfiɗarta da mazauninta ma haka, wanda ya taɓa su sai ya yi wanka. Ta kashe duk abin hannunta wurin masu magani, ciwo sai gaba yake yi. Kunya ta hana ta tsayawa gaban Yesu ta roƙa, sai ta kutsa cikin taro ta baya, ta taɓa tufarsa, jinin kuwa ya tsaya.

Da Yesu ya ga dama, da ya bar ta ta sulale. Ga shi yana sauri zuwa gidan wani babban mutum, shugaban majami'a, wanda ɗiyarsa take bakin mutuwa. Amma ya tsaya, ya juya, ya nemi wadda ta taɓa shi. Ta fito tana rawar jiki, tana jiran tsawa. Ya saurari labarinta duka. Bai tsawata mata don ta shiga cikin mutane ba, bai ja da baya don kada ta ƙazantar da shi ba. A gaban jama'ar nan ya kira ta ɗiyarsa, ya yaba bangaskiyarta, ya sallame ta da salama. Jikinta ya warke a ɓoye, amma mutuncinta a fili ya mayar mata, domin mutanen gari su sani ba sauran dalilin gudunta.

Ku tuna kuma da abokan Ayuba. Da suka ji masifar da ta same shi, suka zo suka zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 ba su ce uffan ba. Wannan ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suka shiga lalubo masa zunubin da ya jawo wahalarsa, suka ƙara masa nauyi, a ƙarshen littafin kuwa Allah ya yi fushi da su saboda maganganunsu.

Littafi Mai Tsarki bai ce babu zunubi a duniya ba. Dukanmu muna bukatar gafara, mai ciwo da mai lafiya. Amma ba a ba mu ikon duban ciwon mutum mu karanta laifinsa a ciki ba. Abin da aka ba mu shi ne mu yi yadda Ubangiji ya yi: mu tsaya, mu saurara, mu taɓa, mu kira mutum da sunan zumunci.

Abin da za ku iya yi tun wannan mako

Tausayin da ya tsaya a zuciya ba ya wanke zane. Ga ayyukan da kowace ikilisiya, komai ƙanƙantarta, za ta iya yi.

Ku je wurinta. Zumunta a ƙafa take. Mata biyu daga zumuntar mata su je, su yi sallama, su shiga har ɗakin da take. Ku zauna a tabarmarta. Kada ki toshe hanci, kada ki tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran a sallame ta. In ta kawo ruwa ki sha. Ta daɗe tana lura da fuskokin mutane, za ta gane nan da nan ko da zuciya ɗaya kuka zo. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ku yi mata ta'aziyyar ɗanta, ko da an shekara. Ki ce, "Ƴar'uwa, ya haƙurin rashin yaro? Allah ya ba ki dangana." In ta yi kuka ki bar ta ta yi. Ba dole ki sami amsa ba, kuma kada ki ce kin san dalilin da ya sa Allah ya bari haka ta faru, gama ba ki sani ba.

Ku riƙe asirinta. Abin da ta faɗa maki a ɗaki kada ya fito a bakin rijiya, kada kuma ya fito a majami'a da sunan roƙon addu'a, sai in ita ta yarda. Baba Fasto, idan za ka yi addu'a domin marasa lafiya, ba sai ka ambaci sunan ciwonta ba. Allah ya san shi.

Ku kai abin da take bukata da gaske: sabulu, zannuwa ko da tsofaffi ne masu laushi don ƙunzugu, man shafawa irin su man kaɗanya ko basilin don kare fata, da ruwa. Mace mai yoyo tana wanki sau da yawa a wuni, ruwa kuwa nesa yake. Samarin ikilisiya su ɗauki nauyin kai mata jarka. Ku ƙarfafa ta ta riƙa shan ruwa da yawa. Yoyon zai ƙaru, amma fitsarin zai yi fari, zarni ya ragu, fata ta huta, kuma likita zai fi jin daɗin yi mata aiki.

Ku ajiye mata wuri a cikin sujada. In tana jin nauyin zama a tsakiya, ta zauna kusa da ƙofa inda za ta iya fita ta dawo, amma kada ta zauna ita kaɗai. Matar fasto ko wata dattijuwa ta zauna gefenta. In yara sun yi dariya, a kira su gefe a koya masu. In ba ta iya zuwa ba tukuna, ku kai mata sujadar gida.

Ku yi magana da mijin cikin girmamawa. Wannan aikin dattawa maza ne. Shi ma ya rasa ɗa, shi ma yana jin surutun mutane, kuma sau da yawa bai san ciwon yana da magani ba. Idan kuka fara da zagi zai rufe ƙofa. Ku bayyana masa yadda abin ya faru, ku ce za ku taimaka da tafiya. Muna ganin maza waɗanda suka riƙe matansu, suka kawo su da kansu, suka kwana a farfajiyar asibiti har aka sallame su. Irin waɗannan maza a yaba masu a gaban jama'a, domin samari su ga abin koyi. Haka nan uwa da ungozoma: sun yi abin da suka gada ne, da nufin taimako. Ku jawo su a jiki, gama ungozomar da aka girmama ita ce za ta ce a tafi asibiti tun da wuri a haihuwa ta gaba.

Kada ku tambayi addininta kafin ku taimaka. Maƙwabciya maƙwabciya ce, ko a majami'a take sujada ko a masallaci danginta suke salla. Kada ku sa taimako ya zama ciniki. In ta so ku yi addu'a tare, ku yi. In ta tambaye ku abin da ya kawo ku, ku faɗa mata gaskiya cewa ƙaunar Almasihu ce. In ba ta tambaya ba, sabulun da zaman sun riga sun yi magana.

Akwai magani

Ke mai wannan ciwo, yanzu da ke muke. Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba a makara ba, ko shekara nawa kika yi.

Idan yoyon sabo ne, cikin makonnin farko bayan haihuwa, ki zo maza. Likita zai iya sa maki robar fitsari ta zauna ƴan makonni, mafitsara ta huta, ƙaramin rami kuwa yakan rufe da kansa ba tare da aiki ba. Idan ya daɗe, ana yin aiki a ɗinke ramin, galibi ta hanyar haihuwa, ba sai an tsaga ciki ba. Akan yi allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, ba za ki ji zafin aikin ba. Bayan haka roba takan zauna kamar mako 2, kina shan ruwa da yawa. Mafi yawan matan da aka yi wa aiki a hannun gwanaye suna komawa gida a bushe. Wasu sai an sake aikin.

Bayan an sallame ki za a ce ki huta da aiki mai nauyi, kuma kada ki sadu da miji na wasu watanni, yadda likita ya ƙayyade. Maigida, wannan haƙurin naka yana cikin maganin. Mata da yawa suna sake samun ciki bayan sun warke, amma dole a yi awo, dole a haihu a asibiti, kuma yawanci aiki ake yi a ciro jariri don kada ɗinkin ya warware.

Ba kowane likita ne ya koyi wannan aiki ba, don haka ku tambayi ma'aikatan gidan likita mafi kusa su nuna maku wurin da ya dace. A Danja, kudu da Maraɗi kaɗan, an buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari a 2012, a wurin da mishan ta daɗe tana jinyar masu kuturta. A Yamai akwai cibiya ta ƙasa domin wannan ciwo. A tsallaken iyaka akwai asibitin Babbar Ruga a Katsina, wanda shi ma da jinyar kuturta ya fara. A wurare da yawa aikin kyauta ne ko da sauƙi. Abin da ya fi hana mata zuwa shi ne kuɗin mota, da guzuri, da wadda za ta raka su. Nan ne baikon ikilisiya zai yi amfani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙasar Habasha wasu likitoci Kirista, mata da miji, Catherine da Reginald Hamlin, sun isa Addis Ababa a 1959, suka buɗe asibitin yoyon fitsari a 1974. Wata yarinya daga ƙauye mai suna Mamitu Gashe ta zo hannunsu da wannan ciwo. Ba ta taɓa shiga makaranta ba. Da ta sami sauƙi ta zauna tana gyaran gadaje, daga nan ta shiga taimakawa a ɗakin aiki, har ta zama gwanar ɗinkin da kanta, likitoci daga ƙasashe dabam dabam suna koyo a wurinta. Wadda take ɗakin bayan gida a garinku, ba ku san baiwar da Allah ya ajiye a cikinta ba.

Idan ba ta warke ba fa?

Za mu faɗa maku gaskiya. Akwai matan da ɓarnar ta yi yawa, mafitsara ta lalace ƙwarai, an yi aiki sau biyu ko uku amma ɗigon bai tsaya duka ba. Akwai waɗanda suka warke amma ba su sake haihuwa ba. Lokacin da irin wannan mace ta dawo gari ne ake gane ko tausayinku na gaske ne. Kada wani ya ce rashin bangaskiya ne ya hana ta warkewa. Ta fi kowa bukatar ku a ranar. Ku ci gaba da kai ruwa da sabulu. Ku taimake ta da sana'a, ko saƙa, ko ɗinki, ko kiwon akuya, kuma ku sayi abin da ta yi. In ta soya ƙosai ku ci. Ikilisiya ba ta sallamar mutum don ciwonsa ya ƙi jin magani.

Don kada a ƙara samun wata

Tausayi yana duban gaba ma. Ku bar ƴaƴa mata su girma, su ƙoshi, ƙashinsu ya yi ƙwari kafin ciki. Mai ciki ta riƙa zuwa awo tun watannin farko. Tun ciki yana wata 7 gida ya shirya: a ware kuɗin mota, a san wanda zai ɗauke ta ko da tsakar dare, maigida kuma in zai yi tafiya ya bar izini a fili cewa a kai ta asibiti ba sai an jira shi ba. In garinku da nisa, ko damina tana yanke hanya, ta koma kusa da asibiti kafin lokaci. Haihuwa a gidan likita ta fi. In kuwa naƙuda ta fara a gida ta kai sa'a 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba a haihu ba, kada a ƙara jira. In jini ya ɓalle, ko ta fara jijjiga, ko hannun jariri ya fara fitowa, a tashi nan take. Kada a bar aska ta taɓa ta. Addu'a tana da kyau ƙwarai, ku yi ta a kan hanya. Iyaye mata, ku gaya wa ɗiyanku cewa faɗin ciwon naƙuda ba rashin kunya ba ne.

Kowace shekara, ranar 23 ga watan Mayu, duniya tana tunawa da mata masu yoyon fitsari. Ikilisiyarku za ta iya ɗaukar Lahadin da ke kusa da ranar, a karanta Markus sura 5, a bayyana wa jama'a yadda ciwon yake samuwa, a tara baiko domin kuɗin motar mace ɗaya. Amma kada ku jira Mayu kafin ku kai ziyara. Kun riga kun san gidan. Ku ɗauki sabulu da zane ku je yau ko gobe, in kuma ta yarda, ku kawo mana ita.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba mu duka zuciyar jinƙai. Amin.